Dattijon da Ya Koya wa Ƙanwata Ajiye Buroshi

  

Duk lokacin da maganar littattafan yara ta taso a tsakaninmu, abu ɗaya muke maimaitawa: babu su, ya kamata mu tashi mu rubuta. Gaskiya ne. Sai dai akwai mutumin da ba mu cika ambatonsa ba, alhali rabin aikin nasa ne, wato mai zane. Yaro ɗan shekara biyar hoto yake fara dubawa. Idan hoton ya riƙe shi, sannan zai ja rigar yayarsa ya ce ta karanta masa abin da ke ƙasa. To su wa za su zana mana, kuma a wurin wa za su koya? A kan wannan nake son in yi magana, da abin da na gani da idona a gidanmu a Ƙauran Namoda cikin shekara biyu da 'yan watanni.

Ƙanwata ce mai bi na. Tun tana firamare ba a raba ta da fensir. Bayan littafinta na lissafi cike yake da kaji da tukwane da fuskokin ƙawayenta. Da ta gama sakandare sai wani kawunmu ya sayo mata ɗan akwatin fentin ruwa daga Gusau, mai kala goma sha biyu, irin wanda ake jiƙa buroshi a goga a kan ƙwayar kala sannan a shafa a takarda. Kafin ta shiga zanen mutane da dabbobi gadan-gadan, mahaifiyarmu ta sa an tambayi malamin unguwarmu. Ya ce malamai sun yi saɓani a kan zanen abu mai rai, amma da yawa sun sassauta a kan abin da aka yi don wasan yara da koyar da su, ya kawo hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda. A kan wannan gidanmu ya tsaya. Na faɗa ne tun yanzu don na san wani zai tambaya.

Malaminta na farko YouTube ne. A can ta iya zana furannin Turawa, da gidan katako cikin dusar ƙanƙara, da tsuntsayen da ba mu taɓa gani ba. Idan ta bi bidiyo daki-daki sai abin ya fito da kyau. Idan ta ajiye waya ta ce bari ta zana tsakar gidanmu, sai kalolin su cakuɗe su koma ruwan kwata, takarda ta kumbura ta yi tudu da kwari, fuskokin yara su fito kamar an shafa musu baƙin tukunya. Sai ta yaga ta zubar ta kunna wani bidiyon. Shi kuwa mai bidiyon ba ya ganin takardarta, balle ya nuna mata inda ta kauce.

Ana haka sai ga watan Satumba na 2021. Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru: an katse layukan waya a faɗin jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, an rufe makarantu, an dakatar da kasuwannin mako. Malamin cikin waya ya yi shiru. Da mahaifinmu ya ga ta zauna jugum, sai ya ce ai akwai wani dattijo da suke sahu ɗaya a masallaci, mutumin Zurmi ne, ya yi karatun zane a Zariya, ya koyar a makarantun horon malamai har ya yi ritaya. Yanzu idan ka ga ya riƙe buroshi to wani ne ya kawo masa allon shago. Aka roƙe shi ya yarda, da sharaɗin a riƙa zuwa da hantsi saboda haske. Ni kuma lokacin na gama diflomata a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, ina zaman jiran aiki, sai aka ɗora mini rakiya duk Asabar da Lahadi. Haka na zama ɗan kallo a zauren Malam.

Ranar farko ya karɓi zanenta ya yi ta dubawa ɗaya bayan ɗaya, bai ce komai ba sai da ya kai ƙarshe. Sannan ya ce, "Hannu kam kina da shi, ɗiyata. Amma idon da kike kallo da shi na aro na."

Bai ba ta buroshi ba a ranar. Ni ya aika in sayo masa ƙaro a wurin masu kayan ƙoli. Ya ɗebo jar ƙasa ya niƙa ta a kan dutse, ya tankaɗe da ƙyalle, ya kwaɓa da ruwan ƙaron da ya jiƙa, ya ɗiga zuma ɗigo ɗaya. Ya shafa a takarda ya ce, "Wanga shi na fentin ruwa." Ya bayyana mana cewa wanda ake shigo da shi daga Ingila cikin 'yan bututu ma haka yake: garin kala ne da ƙaro, zuma ko makamancinta kuma don kada ya bushe ya tsattsage. Ƙaron kuwa daga irin ƙasashenmu yake tafiya, daga itacen dakwara na Sudan da Chadi da jihohinmu irin su Borno da Yobe da Jigawa. Shi ne dai wanda alarammomi ke sa wa tawada don ta kama allo.

Amfanin wannan darasi ya fito nan take. Ƙaro yana narkewa duk lokacin da ruwa ya taɓa shi, ko da ya bushe. Shi ya sa ake iya wanke allo. Don haka idan ka shafa kala ta biyu kana cuɗawa kana komawa, ta farkon za ta tashi daga takarda ta gauraya da ita, su haifi ruwan kwatar nan da ke sa ƙanwata kuka. Maganinsa shi ne ka bar ta farko ta bushe ƙarau, sannan ka bi ta kanta sau ɗaya da hannu mara nauyi, ka wuce. Abin da bidiyo ashirin ba su warware mata ba, ƙaron naira ɗari ya warware shi, don ta gane dalili.

Sai batun takarda. Wadda muke buga takardun makaranta da ita mai nauyin giram 80 ce, ba a yi ta don shan ruwa ba. Ta fentin ruwa ta gaske giram 300 ce, mafi kyawunta kuma da auduga ake yi. Malam ya yi dariya ya ce mu da ke noma audugar sai mun aika Zariya ko Kano kafin mu samu falle ɗaya. Tunda tana da tsada, sai ya koya mata dabarar talaka: ta sami takardar zane mai ɗan kauri, ta jiƙa ta gaba da baya, ta shimfiɗa a kan katako, ta liƙe gefunanta huɗu ta bar ta ta bushe. Idan ta bushe sai ta ɗame kamar fatar kalangu, ko an zuba mata ruwa ba za ta yi tudu da kwari ba.

Wata guda cur ba ta zana ko kaza ba. Aikinta shi ne shimfiɗa kala ɗaya a cikin murabba'i, daga sama zuwa ƙasa, ba tabo ba layi. Ana ɗan jingine katakon, a cika buroshi, a ja daga hagu zuwa dama. Ruwan zai taru a ƙasan layin kamar raɓa, sai a ɗauko wannan raɓar da layi na gaba a gangaro da ita har ƙasa. Idan ka tsaya sosa kai raɓar ta bushe, layi ya fito. Idan ka koma gyara wurin da ya fara shanyewa, sabon ruwan zai ture kalar gefe ya bar wani zagaye mai baki-baki. Malam yana kiransa taswirar mai fitsarin kwance. Ta yi irin wannan taswira ba adadi.

Da hunturu ya shigo sai wahalar ta ninku. Masu bidiyon da ta saba kallo a ƙasashe masu laima suke, takardarsu tana jimawa a jiƙe. A Ƙaura cikin Disamba, kafin ka kai buroshi ƙarshen layi farkonsa ya bushe, ga ƙura tana sauka a kai. Malam ya ce ta haɗa kala mai yawa tun kafin ta fara don kada ta tsaya haɗi a tsakiya, ta nemi buroshi babba, ta fara shafa wa takardar ruwa tsabtatacce, ta rufe taga, kuma ta ajiye kofi biyu na ruwa, ɗaya na wanki ɗaya na haɗi. Ya ƙara da cewa fentin ruwa yana kwashewa idan ya bushe, abin da ka gani ja wur a jiƙe zai koma ja-ja, don haka kada ta ji tsoron ƙara masa ƙarfi. Waɗannan abubuwa sai wanda ya yi zane a cikin iskarmu.

Amma idan aka tambaye ni babban abin da Malam ya yi mata, zan ce kalma biyu ce. Yakan zauna a bayanta da carbinsa kamar mai gyangyaɗi. Tana cikin aiki, zanen ya yi kyau, hannunta na ƙaiƙayin ƙara wani abu, sai ka ji ya ce, "Aje buroshi." Ta ce, "Baba, nan wurin bai cika ba." Ya ce, "Aje dai. Tashi ki sha ruwa." Kafin ta dawo takarda ta bushe, kuma abin da take ganin bai cika ba ya zauna daidai. Wata rana ya ƙyale ta da gangan ta yi ta ƙari har zanen ya mutu, sannan ya ajiye shi kusa da na jiya ya ce ta duba. Tun daga ranar ta fara jin muryarsa ko ba ya nan. Mai koyo ba ya sanin lokacin da aikinsa ya kai. Sai wani wanda ya riga shi ɓata takarda dubu ya tsaya a kansa ya gaya masa.

Daga nan aka shiga maganar fari. A fentin ruwa farin takarda shi ne farinka. Idan kana son farin rawani, ko ƙyallin ido, ko hasken rana a kan kwano, sai ka kewaye wurin ka bar shi tun farko. Ana fara wa da kala mai haske a tafi zuwa mai duhu, ba a dawowa baya. Malam ya kwatanta mata da marina: ana tsoma zane a baba a fitar ya sha iska a sake tsomawa, kowane tsomi yana ƙara masa duhu, kuma wurin da marini ke son ya zauna fari tun kafin tsomin farko yake ɗaure shi. Wato kafin ka jiƙa buroshi dole ka san abin da ba za ka taɓa ba.

Fatar mutum ita ta fi cin lokaci. Akwatinta yana da baƙi, kuma da shi take yi wa yara fuska. Malam ya ciro ƙwayar baƙin ya jefa a aljihunsa. Ya kira wani jikansa ya tsayar da shi a bakin zaure ya ce mata, "Mi kika gani ga goshinai?" Ta duba ta ce kamar shuɗi-shuɗi. "Ƙarƙashin haɓa fa?" Ta ce ja-ja. Ya ce to sama ce ke sauka a goshin, jar ƙasar da yake tsaye a kai kuma ita ke haska haɓar. Ya nuna mata yadda ake fara shimfiɗa ruwan ɗorawa mai haske, ya bushe, a bi da jar ƙasa, ya bushe, sannan a sa shuɗi kaɗan cikin jar ƙasar a yi inuwa. Da kala uku ta fitar da baƙin yaro da wankan tarwaɗa da fari, kowanne da jini a jikinsa. Ranar da ta kawo zanen ƙaninmu na wannan hanya, mahaifiyarmu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a ba ta ta ajiye a cikin adaka.

Yanzu sai gyaran idon aro. Ta taɓa kawo masa zanen gona da damina, gero ya yi kore shar, ga wani gawo a tsakiya cike da ganye. Ya ce, "Gawo da ganye ga damina? Ɗiyan ƙauye za su yi miki dariya." Gawo da damina yake kaɗe ganyensa, da rani yake tohowa, shi ya sa manomi ke barin sa a gona. Ta san haka sarai, amma hannunta ya saba da itacen bidiyo. Daga ranar ya ɗora mata ɗan littafin aljihu, ya ce kullum ta zana abu uku da ta gani da idonta. Muka je tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ƙarshen layin dogon da ya iso Ƙaura daga Zariya a 1929, ta zana tsatsar ƙarfe da ciyawar da ta fito tsakanin dogo. Muka je bakin Gagare da rani, ta gano cewa yashi kala uku ne ko huɗu, kuma inda aka tona neman ruwa ya fi duhu. Ta gano samaniyar hunturu ba shuɗiya ba ce, fara ce mai ɗan ƙasa-ƙasa, jikin kuka kuma toka-toka ne mai sirkin ja.

Bayan an buɗe kasuwanni mun bi wani ɗan uwanmu zuwa Shinkafi ranar Alhamis. Wanda ya san hanyar nan ya san da addu'a ake shiga mota da addu'a ake fita. A kara ta zauna gefe ta yi ta zana raƙuma, yadda suke durƙusawa da ƙafafun gaba kafin na baya, da yadda mai awo ke tsugunawa, da yadda 'yar talla ke riƙe faranti da hannu ɗaya tana gyara mayafi da ɗayan. A Zurmi kuma, wurin dangin mahaifiyarmu, ta zana rumbuna da bakin gulbin Bunsuru da tsofaffin zaurukan ƙasa. Malam da ya ga zanen garinsu sai ya yi shiru, sannan ya fara gaya mata sunayen unguwanni. Ya ce akwai ƙauyukan da ya yi yawo yana yaro waɗanda yanzu ba kowa a cikinsu, kuma idan ba a zana irin rumbunansu ba, jikokinsa ba za su san kamanninsu ba.

Wannan magana ta duba naka ba Malam ya ƙago ta ba, shi ma gada ya yi. Ya ba mu labarin ɗaliban zane na kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A 1958 wasu daga cikinsu, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya a kan cewa za su karɓi dabarun Turawa amma su zana abin gidansu. Kuma ba su raina zanen littafi ba. Uche Okeke ya yi zanen cikin Things Fall Apart na Chinua Achebe, Onobrakpeya kuma ya yi wa Cyprian Ekwensi zanen An African Night's Entertainment. Shi Onobrakpeya tun 1998 yake tara masu zane manya da ƙanana a garin Agbarha-Otor na jihar Delta suna koyon juna. Mu ma nan Arewa da zane muka buɗe ido. Wanda ya riƙe Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ko Ka Koyi Karatu, zai tuna yadda yake tsallake shafuka yana neman hoto. Waɗancan baƙi da fari ne. Abin da ya rage mana shi ne mu kai yaranmu ga mai kala, wanda 'ya'yanmu suka zana.

A shekara ta biyu Malam ya ce lokacin littafi ya yi, ya juyo kaina ya ce, "Kai marubuci, kawo muna labari." Na kawo wani da na rubuta a kan yarinyar da ɗan akuyarta ya ɓace ranar kasuwa. A nan na ga yadda ake ƙera littafin hoto. Yawancinsu shafi 32 ne, saboda maɗaba'a babban falle take bugawa ta ninke, shafukan su fito takwas-takwas ko sha shida-sha shida. Idan ka cire shafin suna da na bayanin bugu, abin da zai rage maka buɗi goma sha huɗu ne ko kusa da haka. Malam ya sa ta ninke fararen takardu ta yi littafin gwaji, muka raba labarin a kansa da fensir kafin a taɓa kala. Ya nuna mata kada ta sa fuskar kowa a tsakiyar buɗi inda ɗinki zai cinye ta, kuma ta bar wuri mai haske inda rubutu zai zauna. Ya sa ta zana ɗan akuyar nan sau hamsin, ta gaba da ta baya, yana gudu yana kwance, don yaro ba ya yafe wa akuyar da tabonta ke kunnen dama a shafi na 6 ya koma na hagu a shafi na 12.

Ga abin da ya shafe mu kai tsaye, mu masu alƙalami. Ƙa'idar Malam ita ce duk abin da hoto zai faɗa, rubutu ya bar masa. Idan an zana yarinyar da jan kallabi tana kuka a gindin kuka, ba sai an rubuta kalar kallabin ko sunan itacen ko hawayen ba. Rubutu ya ɗauki abin da ido ba ya gani: abin da ta ce, abin da take tsoro, abin da ya faru jiya. Da muka bi labarin da wannan awo, ya sauko daga kalma kusan 900 zuwa ƙasa da 300. Sannan ya ce kowane buɗi ya ƙare da abin da zai sa yaro ya ce a juya. Wani wurin ma hoto ya san abin da rubutu bai sani ba: rubutun yana cewa ta duba ko'ina ba ta gan shi ba, alhali ga wutsiyarsa ta leƙo bayan buhun gero. Ya ba mu misalin Jerry Pinkney, baƙar fatar Amurka gwanin fentin ruwa, wanda littafinsa na zaki da ɓera ya ci lambar Caldecott a 2010, kuma kusan babu rubutu a cikinsa sai kukan dabbobi. Na lura darasin da aka ba ƙanwata na barin farin takarda shi ne aka ba ni, sai dai nawa da kalmomi.

Da aka gama zanen, ba mu kai wa manya ba tukuna. Malam ya ce alƙalan suna waje suna wasa. A unguwarmu akwai iyalai da suka baro ƙauyukan Zurmi da na Shinkafi suna zaune a gidajen 'yan uwa, da yawan yaransu karatun boko ya yanke musu. Muka tara kamar goma a zaure, ƙanwata ta riƙa ɗaga zanen ɗaya bayan ɗaya ba tare da an karanta komai ba. Su suka ba da labarin da bakinsu. A buɗin buhun gero suka tashi tsaye suna ihu suna nuna wutsiya. Wani buɗin kuma suka yi shiru, ashe inuwar rumfa ta yi duhu har ba su gane yarinyar ba, sai aka sake shi. Wata ƙarama da ba ta ce uffan ba tun farko ta matso ta ɗora yatsa a kan rumbun da ke shafin ƙarshe ta ce, "Irin namu." Daga baya ta tambaya me aka rubuta a ƙasa. Yarinyar da ta yi wannan tambaya ta riga ta sa ƙafa a hanyar karatu.

Littafin bai fito ba har yanzu, kuma dalilin kuɗi ne. Bugu mai kala sai an bi da tawada huɗu, takardarsa ma daban ce, ga shi sai an ɗauki hoton zanen da na'ura mai kyau don kada launin fatar nan da aka sha wahala a kansa ya koma toka. Muna tarawa a hankali. Kafin nan ta yi kwafi biyu da hannu, suna yawo a unguwa har gefunansu sun yi laushi.

Abin da nake roƙon 'yan uwa shi ne abu uku. Na farko, mu nemo dattawan nan tun suna raye. Kusan kowane gari yana da tsohon malamin zane, ko mai zayyanar allo, ko marini, wanda ba wanda ya taɓa zuwa ya ce masa koya mini. Mu Hausawa ba baƙin wannan hanya ba ne, da zama gaban malami aka koyi ƙira da ɗinki da karatun zaure. Bidiyo yana da amfani, ƙanwata ma ta koma kallonsa da layi ya dawo, amma yanzu tana sanin abin da za ta ɗauka da abin da za ta bari. Na biyu, ƙungiyoyinmu na marubuta su buɗe ƙofa ga masu zane. A cikin ƙannenmu akwai masu cika bayan littafi da kaji da tukwane, mu gayyace su taro, mu haɗa su da masu rubuta labarin yara tun daga farkon aiki. Na uku, idan aiki ya yi, a biya mai zane haƙƙinsa kuma a sa sunansa a bango kusa da na marubuci. Wanda ya kwashe wata huɗu a kan buɗi goma sha huɗu ya wuce a sallame shi da "Allah Ya yi albarka" kaɗai.

Mu kanmu marubuta muna bukatar irin wannan dattijo, wanda zai karanta aikinmu ya ce nan ya isa, nan kuma koma ka sake dubawa da idonka. Wanda yake da shi ya riƙe shi da kyau, wanda ba shi da shi ya nema.

Malam yanzu idonsa ya fara rauni, ya daina allon shago. Ƙanwata ce ke haɗa masa kala idan yana son nuna wani abu, kuma yara biyu daga cikin waɗanda suka yi mana alƙalanci suna zuwa ranar Asabar, tana koya musu shimfiɗa kala ɗaya a cikin murabba'i. Ina roƙon ku sa shi a addu'a. Allah Ya ba shi lafiya, Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.